Ɗan akwatin ADS-B da na sa aka kawo min

Wata uku kenan da ya iso hannuna, yayana ne ya taho min da shi daga waje, kuma tunda abokan karatuna na koyon tuƙin jirgin sama a Zariya sun ishe ni da tambaya a WhatsApp bari kawai in rubuta a nan kowa ya huta.

Aikinsa karɓar siginar ADS-B, wato wadda jirage ke watsawa don sanar da inda suke. Girmansa bai wuce sabulun wanka ba. Ka manna shi a gilashin jirgi, ya haɗu da iPad ta wifi, sai ya riƙa nuna maka jiragen da ke kusa da kai, tsayinsu da inda suka dosa. A saman benenmu na Kurna na fara gwada shi, jiragen da ke sauka filin Malam Aminu Kano sai ga su a sikirin tun ban ji ƙararsu ba, har Hajiyarmu ta hau sama tana cewa "kai Abba wannan kuma wane irin tsafi ne".

Ni dai ba don manyan jirage na saya ba, su suna da TCAS ɗinsu, na'urar da ke gargaɗinsu kafin su yi karo. Don zagayen fili na koyon tashi da sauka na saya, abin da muke cewa sakit. Ƙafa 1000 daga ƙasa, kowa na juyawa hagu, ɗalibai uku ko huɗu a layi ɗaya kamar 'yan adaidaita a Ƙofar Ruwa, kuma abin haushin a kusa da fili ƙananan jirage suka fi yin karo, da rana tsaka ma, sama tas babu gajimare. Jirgi mai fiffike a ƙasa irin Diamond DA40 ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, mai fiffike a sama irin Cessna 172 ba ya ganin na samansa, to in suka haɗu a fainal, wato layin ƙarshe na sauka, ɗaya bisa ɗaya sai dai Allah ya kiyaye. A Watsonville ta Amurka a watan Agusta 2022 Cessna 340 ta taho da gudu ta afka wa Cessna 152 suna shirin sauka, mutum 3 suka rasu, alhali duk su biyun suna magana a rediyo.

A lokacin hazo gaskiya ya yi min rana, ya nuna min inda zan duba kafin idona ya tsinci jirgin. Amma fa wanda yake watsa siginar kaɗai yake gani. Amurka ta tilasta ADS-B a manyan sassan sararinta tun Janairu 2020, tsohon ƙaramin jirgin da ba a sa masa ba kuwa kamar babu shi ne a sikirin. Shi ne ranar nan ina dawunwin, wato ɓangaren sakit da ake bi ta gefen titin jirgi kafin a juyo sauka, na sunkuya ina kallon iPad, malamina ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce "idonka waje, jirgin da zai buge ka ba a cinyarka yake ba". Kunya kamar in nutse wallahi.

Batirinsa bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, kuma zafinmu ba ya yi masa, sau biyu yana mutuwa da kansa da rana ta buge shi ta gilashi. Kuɗinsa da dala ne, kun san zancen.

Wanda zai saya ya haɗa da pawa bank, kuma ya tambayi malaminsa kafin ya shiga da shi jirgi, wasu ba sa yarda ɗalibi ya taɓa shi sai ya yi tashin farko shi kaɗai.