Wasan dabarun yaƙi na kwamfuta: wanne ya kamata sabon shiga ya fara saya?

Yawancin masu sayen irin waɗannan wasanni suna zaɓe ne da kyan hoto, ko da yaƙin da suka fi sha'awa. Ga sabon shiga kuwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda lokaci yake tafiya a cikin wasan. Za a ci ka da yaƙi sau da yawa a farko, wannan babu makawa. Tambayar ita ce: idan an ƙone maka tanka, wasan zai ba ka damar gane daga ina harbin ya fito, da abin da ya sa ba ka hango shi ba?

Mafi sauƙin fahimta shi ne tsarin bi da bi: ka motsa dakarunka, ka gama, abokin gaba ya motsa nasa. Steel Panthers, wanda kamfanin SSI ya fitar a 1995, shi ne kakan wannan layi, kuma jikokinsa winSPWW2 da winSPMBT suna nan har yau, ana iya sauke samfurinsu na asali kyauta. Taswirar an yanka ta gida-gida masu kusurwa shida, kowace tanka da kowace tawagar sojoji na da gidanta. Hotonsa tsohon yayi ne sosai, kuma akwai abin da ba ya kama da gaskiya, tunda abokin gaba yana tsaye yana jiranka ka gama. Amma a nan za ka koyi nisan da kowane makami yake kaiwa da amfanin hayaƙi ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Sai waɗanda agogonsu ba ya jira. Close Combat ya fara fitowa a 1996, ana kallon filin daga sama, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne tsoron sojoji. Ka umarci tawaga ta tsallaka fili a gaban bindiga mai ruwan harsashi, sai su kwanta su ƙi tashi, wani ma ya zubar da makami ya arce. Dakarun da kake riƙe da su ba su da yawa, ana iya lura da kowa. Graviteam Tactics: Mius-Front na 2016, aikin wani kamfani na Yukiren a kan faɗan Jamus da Tarayyar Sobiyet a 1943, ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba. A cikinsa umarni ma sai ya bi ta rediyo ko waya ko murya kafin ya isa. Ina girmama wasan nan ƙwarai, amma ba zan miƙa wa sabon shiga shi ba. Maɓallansa da alamominsa kaɗai sun isa su sa mutum ya karaya kafin a harba harsashi ɗaya.

Wanda na fi ba da shawara shi ne Combat Mission na kamfanin Battlefront, wanda ya fara fitowa a 2000. Kana ba da umarni agogo a tsaye, abokin gaba ma haka, sannan a saki minti ɗaya cur, ku duka ku zama 'yan kallo. Ba ka da ikon taɓa komai sai daƙiƙa 60 sun cika. Daɗin abin shi ne kana iya maimaita wannan mintin sau nawa ka ga dama, daga kowace kusurwa. Ka ga tankarka ta Sherman ta kama da wuta a bakin shinge. Sai ka mayar da hoton baya, ka sauko da kyamara daidai kan direba, ka duba inda yake kallo. Can gefen gona, ƙarƙashin itatuwa, ga ɗan walƙiya da ƙura ta tashi: igwar harbo tanka ce a ɓoye. Gani ya kori ji. A gaba, da kanka za ka ware mutum biyu daga tawaga su je leƙe kafin tanka ta fito fili, ka sa wata tawagar ta danne wurin da wuta yayin da ɗayar take matsawa. Kusan duk tushen dabarun yana cikin wannan, kuma wasan yana koya maka shi ba tare da dogon bayani ba. Wani abin lura: a nan kowace tawaga abin da idonta ya gani kaɗai ta sani. Don kai ka ga abokin gaba a taswira, ba yana nufin mai tankar ya gan shi ba, sai labari ya iso masa.

To wanne daga cikin jerin wasannin Combat Mission? Battle for Normandy na 2011 yana jan mutane, sai dai shingayen Normandi masu kauri suna toshe gani, faɗan yakan zama na kusa da kusa, mai cin rai. Black Sea da Cold War makamansu na zamani ne, kuskure ɗaya na iya share maka rabin runduna cikin minti guda. Shock Force 2 na 2018, wanda aka gina a kan ƙagaggen yaƙi a Siriya, ya fi yi wa mai koyo sassauci idan ya riƙe ɓangaren Amurka, domin kayan aikinsa sun fi na abokin gaba, filin kuma a buɗe yake. In kuma zuciyarka na kan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗauki na Normandi, amma ka fara da fagen horo da ƙananan faɗace-faɗace, ka bar manyan na bataliya tukuna.

Combat Mission yana da nasa aibin. Injin wasan ya tsufa, manyan taswirori suna sa shi jan ƙafa ko a kwamfuta mai ƙarfi, kuma ba ya jituwa sosai da kwamfutocin da ba su da katin hoto na musamman. Littafin jagorarsa mai kauri ne, kuma dole a karanta shi. Idan a Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ka saya, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar ba ka wuce awa 2 kana wasa ba, don haka ka yi amfani da awannin nan wajen gwada ko kwamfutarka za ta ɗauka. Ƙarin fakitocin da ake sayarwa daban kuma ka ƙyale su har sai ka ƙure na asali.

Panzer Corps 2 da Unity of Command II wasanni ne masu kyau, sun kuma fi sauƙin shiga, amma a can manyan rundunoni kake turawa, ba za ka koyi yadda ake tsallaka da mutum goma titi ɗaya lafiya ba. Idan wannan kake nema, gwada winSPWW2 na 'yan kwanaki ka ga ko haƙurinka zai kai, sannan ka sayi Combat Mission guda ɗaya tak.