Sass, Less ko Tailwind: wanne za ka ɗora a kwamfutarka?

Idan fayil ɗin CSS ɗinka (inda kake rubuta kwalliyar shafin intanet) ya kumbura har ka fara rasa inda ka sa kalar wani botin, to lokaci yayi da za ka nemi abin da zai riƙa fitar maka da shi daga tamina, wato inda kake buga wa kwamfuta umarni. Aikin da Sass, Less da Tailwind ke yi ke nan. Duk kyauta ne, data kawai za ka kashe da lokacin koyo.

Sass ne dattijon cikinsu, tun 2006 yake. Ka rubuta kwalliyarka a fayil ɗin .scss, ka buga sass --watch style.scss style.css shikenan ya zauna yana gadi, da ka yi sabin (save) ya fitar da sabon CSS. Amma don Allah kar ka bi tsoffin bidiyon YouTube ka ɗauko node-sass, wato tsohuwar manhajar sarrafa Sass, tun 2020 aka ce a bar shi, Dart Sass ake yi yanzu, kuma @import, umarnin jawo wani fayil cikin wani, ma suna janye shi, gara ka saba da @use tun yanzu. Bootstrap, wato tarin CSS da aka riga aka shirya don gina shafi, tun daga na 4 da Sass aka rubuta shi, in kana son canza kalolinsa daga tushe nan ne hanyar.

Less kam, sai dai in tsohon aiki aka damƙa maka irin na zamanin Bootstrap 3, ka buga lessc, umarnin da ke mayar da shi CSS, ka wuce. Ban ga dalilin fara sabon aiki da shi ba gaskiya.

Tailwind daban yake tunani gaba ɗaya. Ba ka rubuta CSS sosai, sunaye kake zubawa cikin HTML kamar p-4 ko text-center, shi kuma ya leƙa fayilolinka ya fitar da abin da ka yi amfani da shi kaɗai, shi yasa fayil ɗin ƙarshe yake fitowa ɗan ƙarami, mai buɗe shafinka a waya da data kaɗan zai gode maka. Illarsa dai HTML ɗinka zai cushe, wasu sam basa iya kallonsa. Yana da sigar da kake saukewa fayil guda ba sai ka sa Node (manhajar da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta) ba, wannan ya burge ni.

Ni dai in shafi ne ƙarami na shago ko makaranta, kafin ka sauke komai ka gwada CSS zalla, yanzu burauza na gane variables (sunan da kake ba kala ko girma don ka riƙa maimaita shi) har da saka doka cikin doka. Babban aiki da tawaga, Tailwind. Mai son tsara komai da hannunsa kuma ya ɗauki Sass.