Sharhi: Gidan Horar da Karnukan Farautar Tsuntsu, Su Suka Ɓata, Su Suka Gyara, Ni Na Biya

Tauraro uku na ba su, na ukun ma da ƙyar yatsana ya danna shi. Masu farautar salwa a nan jihar Kansas ta Amurka kun san gidajen nan da ke karɓar kwikwiyo wata-wata, kun kuma san abin da suke caja, ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba. Fili suna da shi, ɗakin tattabaru a cike, ɗakunan karnuka a share. Wannan duk ba abin cewa. Abin da aka yi wa kwikwiyata wata ranar Asabar shi ya zaunar da ni rubutu.

GSP ce, wato karyar nuna tsuntsu 'yar Jamus mai gajeren gashi, watanta 7 lokacin da suka karɓe ta. Wanda ya saba da karnukan farautarmu na gida masu bin zomo da gudu ya sani aikin wannan daban ne: ta shaƙo warin tsuntsu, ta ƙame wuri ɗaya hanci na nuna inda yake, ta jira maharbi ya zo ya tayar da shi ya harba a kanta. Kenan rayuwarta duka a ƙarƙashin bakin bindiga za ta yi ta. Yarjejeniyarmu a rubuce take: a fara cusa mata son tsuntsu, a bar ta ta soma ƙamewa da kanta, sannan a shigo da ƙara sannu a hankali, daga ƙaramar fistol mai harsashin da ba dalma har zuwa babbar bindiga.

Duk Asabar masu karnuka kan taru a wurin, a harbi tsuntsaye a kan manyan karnukan da suka gama horo. Rannan mai gidan ya yi tafiya. Yaronsa ya ɗauko kwikwiyata ya ɗaure ta a doguwar sarƙar da ake jera karnuka a bakin fili, wai ta kalla ta koya. Tsuntsu ya tashi, ya karkato ya nufo wajen sarƙar, mutum uku suka bi shi da wuta, kowa da babbar bindiga mai lamba 12, harbi a kan harbi, tsakaninsu da ita bai kai yadi 20 ba. Su da kansu suka turo min bidiyon, da saƙon cewa ga ta nan tana sabawa da hayaniya. A harbin farko ta ɗaga kai. A na biyu kunnuwa suka kwanta, guntuwar wutsiyar ta manne da jiki. Daga nan ta ja da baya har sarƙar ta miƙe, ta zube ƙasa ta cusa kai ƙarƙashin karen da ke kusa da ita, tana lasar leɓe tana hamma, jiki na ɓari. Mai ɗaukar bidiyon kuwa dariya yake yi.

Da gangan mutum zai sa wa kare tsoron bindiga, da wuya ya tsara abin da ya fi wannan. Ƙarar mai lamba 12 a kusa tana haura desibel 150, mu da muke harbin ma sai mun toshe kunne. Kare a ɗaure ba shi da inda zai matsa, kuma ba tsuntsu a hancinsa ko a gabansa da zai ɗauke masa hankali daga ƙarar. Harbi ɗaya mamaki yake bayarwa, kwikwiyo ya waiga ya manta. Na biyu da na uku da ke biyowa kafin ya gama tantance na farkon su ke mayar da mamaki tsoro. Ga shi shekarunta sun faɗa daidai lokacin nan, tsakanin wata 6 da wajen wata 14, da abin da ya firgita kwikwiyo kan zauna masa. Akwai kare mai taushin zuciya tun haihuwa, ban musa ba, amma tsoron bindiga kusan kullum hannun mutum ne ke sa shi.

Gudun ƙara ma ba shi ne mafi muni ba. Ta haɗa tsuntsu da abin da ya same ta. Da aka sake ta a fili aka ɓoye mata tattabara, ta shiga warin, na ga hancin ya kama, ta ɗan dakata, sai ta kawar da kai ta zagaye wurin ta dawo bayan ƙafar mai horo. Karen da ke kauce wa tsuntsu haka ya fi marar hanci illa, don ba za ka taɓa sanin ya samu ba. Ka wuni kana taka ciyawa ka dawo kana cewa bana ba salwa.

To, a nan ne zan yi adalci. Da mai gidan ya dawo ya ga bidiyon, shi ya kira ni, bai yi kwana-kwana ba, ya ce an yi ɓarna kuma a gidansa aka yi. Yadda ya gyara ta kuwa, ban ga wanda ya fi shi iyawa ba, kuma duk mai kwikwiyo ya kamata ya san tsarin, ko da nasa bai taɓa firgita ba.

Bindiga ya fara ɓoyewa gaba ɗaya. Ya mayar da ita ɗakin da ya fi nisa da filin harbi, makonni ba ta jin harbi, ba ta ma ganin bindiga a hannun kowa, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya cire mata kwalar lantarki, wadda ake ɗan jan kare da ita wajen horo, ya daina ba ta kowane umarni, ba tsaya ba zo nan. Sai ya ɗauko tattabara ya fige dogayen gashin fiffike ɗaya yadda za ta yi fur-fur ta faɗi kusa, ya jefa a gajeriyar ciyawa, ya yi shiru. Ranar farko kallo kawai ta yi. Sai ya sa ta bayan waya ta ga wata tsohuwar karya na bin tattabarar tana cafkewa, kishi ya taso, ta soma kuka tana tono ƙasa. Da ya buɗe mata, ta bi ta kama, ya bar ta ta riƙe, ta yi ta yawo da ita a baki, bai ƙwace ba. Tsuntsu 2 ko 3 a zama ɗaya, minti 10 zuwa 15, a tashi tun tana neman ƙari. Akwatin nan mai rimot da ke cilla tsuntsu sama ma ya ajiye shi gefe, saboda ƙarar sifirinsa kaɗai ta isa ta mayar da irin wannan kare baya.

Na tambaye shi yaushe za a dawo da harbi, ya ce ba kalanda ke faɗa ba. Sai ranar da ta bi tattabara mai cikakken fiffike har ƙarshen fili, ana kiranta ba ta ji. Ranar da hakan ta faru aka soma. Mataimaki ya tsaya yadi 100 daga ita da fistol mai harsashin .22 mafi ƙarancin ƙara, a ɓangaren da iska ke kwashe ƙarar ta yi nesa da ita, bakin fistol ɗin a bayansa yana kallon ƙasa. Ba a harbi tana ƙame, ba a harbi daidai lokacin da tsuntsu ke tashi. Sai ta miƙe da gudu sosai, ido a kan tsuntsu, sannan mai gidan ya ɗaga hularsa, a yi harbi ɗaya tak. Shi ba tsuntsun yake kallo ba, ƙafafunta da wutsiyarta yake kallo. In gudun bai canza ba, zama na gaba a matso yadi 10 ko 15. In ta waiga amma ta ci gaba, a tsaya a wannan tazarar sai ta daina waige. In ta tsaya cak ko ta juyo wajen mutum, a koma baya sosai, ko a yi kwanaki ana tsuntsu ba harbi. Kuma ko ta firgita ba ya rungumar ta yana lallashi, ba ya tsawa, sai ya ci gaba da tafiya abinsa ya jefa wata tattabarar.

Inda mutane da yawa ke yin gaggawa shi ne wajen canjin bindiga. Da aka kai ga harba .22 a gefenta ba ta kula ba, bai ɗauko babbar bindiga a wannan tazarar ba. Ya koma fistol mai furaima 209, wato ɗan abin da ke kunna harsashin babbar bindiga, wadda ta fi ƙara, ya sake komawa yadi 100. Haka da aka zo kan .410, ƙarama cikin bindigogin harbin tsuntsu, haka da mai lamba 20 da ta fi ta girma. Kowace sabuwar ƙara daga nesa take farowa. Sannan ya nemo gwanin harbi aka kashe mata tsuntsu na farko da harbi ɗaya, ya faɗo a gabanta tana cikin gudu, ta ɗauka da ɗuminsa. Daga ranar, in ta ji harbi sama take duba tana neman abin da zai faɗo. Mai lamba 12 ita ce ta ƙarshe. Wani abin da ya burge ni kuma, bai yarda da tsohuwar dabarar nan ta harbi lokacin cin abinci ba, wadda in kare ya gudu a ɗauke kwanon har yunwa ta tilasta shi. Ya ce wannan tana iya koya masa jure ƙara a gaban kwano, ba ta koya masa komai a gaban tsuntsu. Daren 4 ga Yuli ma, ranar bikin 'yancin kan Amurka, da gari ya ɗauki wasan wuta, ya shigar da ƙananan karnuka ciki ya kunna musu fanka da rediyo tun kafin magariba. Mutumin ya san aikinsa, wallahi.

Da a nan maganar ta tsaya, tauraro huɗu zan bayar har da godiya. Sai takardar kuɗi ta iso. Watannin da aka ƙara don gyaran abin da yaronsu ya ɓata, cikakken kuɗi suka rubuta, da ɗan rangwamen da bai kai kuɗin abincinta ba. Tattabarun da ta kama ta kashe, kowace ɗaya an lissafa min. Har faifan sautin harbi da suka sayar min tun ranar farko yana ciki, wai a riƙa kunna mata a gida. Faifan nan kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Lasifika ba ta fitar da dukan iskar da harbi ke yi a jiki, ba warin albarushi, kuma ƙarar ba daga filin da tsuntsu yake take zuwa ba. Tawa tana barci ana kunna shi, a makon da ganin bindiga kaɗai ke sa ta ɓuya.

Sannan gyaran ya zo da nasa ciwon. Karen da aka bari ya yi ta kama tsuntsu ya koyi cewa zai iya kamawa, to me zai sa ya tsaya? Ƙamewar da take yi da kyau tun tana ƙarama ta saki. Yanzu in ta shaƙi wari takan tsaya daƙiƙa biyu ko uku, sai ta soma sanɗa, taku ɗaya, taku biyu, ta afka. Na san dole ce ta sa, ba yadda za a dawo mata da son tsuntsu ba tare da an bar ta ta kama ba, kuma na san maganinsa: tattabaru masu ƙarfin fiffike da ke komawa gida, a sa a akwatin rimot, a kawo ta da doguwar igiya ta ratsa iskar daga gefe, da zarar ta ɗaga ƙafa bayan ta ji wari a danna, tsuntsu ya tafi, ba magana ba harbi. In ta yi ta asara haka za ta gane motsinta ke korar tsuntsu. Salwar keji ba ta yin wannan aikin, tashinta ba ƙarfi, kamawa za ta sake yi. Abin da ya ƙona min rai shi ne da mai gidan ya ce wannan sabon aiki ne, da sabon kuɗi. Sabon aiki daga ina? Ba daga waccan Asabar ɗin ya taso ba?

Akwai kuma asarar da ba ta cikin takarda. Na so in shigar da ita gwajin baiwar ƙananan karnuka na NAVHDA, ƙungiyar masu karnukan farauta ta Arewacin Amurka, wanda ba a karɓar kare in ya haura wata 16. A gwajin akan harba mai lamba 12 marar dalma sau biyu tana cikin nema a fili, alƙalai na kallon yadda za ta yi, kuma wanda aka rubuta wa tsoron bindiga ba ya samun lambar yabo, abin kuma ya shiga tarihinsa. Lokacin da gwajin kusa da mu ya zo tana kan .410 ne, ba mai hankalin da zai kai ta. Kafin na gaba shekarunta sun wuce. Lokacin farautar salwa a Kansas kuwa Asabar ta biyu ta Nuwamba yake buɗewa, ranar da kowa ke fita a ayari, bindiga biyar shida a layi. Ita ba za ta je wannan ba. Kakarta ta farko bindiga ɗaya ce, harbi ɗaya ko biyu, kuma a kan tsuntsun da ta nuna kaɗai, don karen da aka gyara yana iya komawa gidan jiya in aka sake yi masa ruwan wuta ba shiri.

Masu tambaya ko su kai nasu, ku kai in mai gidan da kansa zai riƙe igiyar. Ku sa a rubuta wanda zai taɓa kwikwiyon in ya yi tafiya, da inda za a ajiye shi ranar da ake harbi, da cewa ba za a yi harbin farko ba sai kuna tsaye a wurin. Ku sa a rubuta wanda zai biya in an ɓata. Ni dai kuɗin gyaran ƙamewar ba zan ba su ba. Na kafa ɗan ɗakin tattabaru a bayan gida, na aro akwatin rimot, zan yi da kaina.