Tsohon littafin ces na Golombek da na sayo

Wata uku ke nan da na yi odar The Game of Chess na Harry Golombek, littafin koyon ces (wasan dara irin na Turawa), ta intanet, na hannu ne, kuma gaskiya mai sayarwar bai kyauta min ba, ya ce yana nan garau amma da ya iso takardun sun yi jajir, bangon baya ma sai da na liƙa shi da salatif. To amma abin da ke ciki ya biya ni.

Ni da farko ban ma san wane ne mutumin ba, sai daga baya na gane ashe ba ƙaramin gwani ba ne. Sau uku yana zama zakaran ces na Birtaniya, 1947 da 1949 da 1955, kuma shekara wajen arba'in yana rubuta shafin ces a jaridar The Times. Abin da ya fi ɗaure min kai, yana Buenos Aires ta ƙasar Ajantina wurin gasa a 1939 yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ya dawo gida daga baya aka kai shi Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Birtaniya, ya yi aiki tare da masanin lissafi Alan Turing suna warware saƙonnin sirri na sojan ruwan Jamus. Kana karantawa ka san mai haƙuri ne ya rubuta, ba ya ce maka tura doki can kawai, sai ya gaya maka dalili, ya nuna maka abin da zai biyo baya in ka yi garaje.

Matsalar ɗaya ce kuma babba ce, a 1954 littafin ya fara fitowa, nawa kwafin da tsohon salon rubuta motsi aka buga shi, motsin sojan gaban sarki da muka saba ganin an rubuta e4 a manhajar ces ta waya shi P-K4 zai rubuta, kuma kowane gida a allon sunansa biyu, na fari daban na baƙi daban. Sati biyu ina jera ƴaƴan a allo ina ruɗewa, har na kusa ajiye shi wallahi.

Ɓangaren ƙarshen wasa ne ya fi yi min amfani, sarki da soja ɗaya da nake ta yin kunnen doki da shi yanzu ina ci. Na buɗe wasa kam ya tsufa, nan gara ka nemi sabo. In za ka saya ka sa a turo maka hoton shafin ciki tukuna.