Shagon kayan gudun da ya shirya ni na yi gudun fanfalaki na Landan saboda kansar jini

Salam 'yan'uwa. Tun da na dawo daga Landan ake ta tambayata a ina na sayi takalmi, wa ya koya min gudu, ya na yi da azumi, har wata 'yar'uwa ta kira ni daga Leicester wai ita ma tana so ta gwada amma bata san ta inda zata fara ba. Yau na samu hutu daga aiki shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani a shagon da na yi hulɗa da su kusan wata biyar, mai daɗin da marar daɗin duka.

Wani ɗan ƙaramin shago ne a kudancin Birmingham, kayan gudu kaɗai suke sayarwa, takalma da safa da riguna da gorar ruwa, sannan suna da rukunin masu atisaye da ke fita tare duk ranar Lahadi da safe. Mai shagon wani dattijon Bature ne da ya daɗe yana gudu, da 'yarsa da ke taya shi, sai yara biyu da ke zuwa ranar Asabar.

Amma sai na fara faɗin abin da ya kai ni, don in ba haka ba ba za ku gane me ya sa na ɗauki abin da zafi haka ba. Ɗan Yayata ne ya rasu a Kano a 2023, shekararsa bakwai. An fi wata biyu ana cewa maleriya ce, a koma a ce taifot, yaro yana ta zazzaɓi yana ɗashewa, dasashinsa na jini, ana ƙara mai jini yana zuƙewa, kafin a yi gwajin da ya nuna kansar jini ce abu ya riga ya yi nisa. Ni kuma ina nan ina aikin jinya a Ingila inda irin wannan kansar ta yara, cikin goma kusan tara suna warkewa, alhali a shekarun 1960 da ƙyar ɗaya cikin goman ke tsira. Ajali dai in ya zo babu makawa, na yarda da wannan, amma na san bincike ne ya kawo wannan canjin, kuma bincike kuɗi yake ci. Shi ya sa na nemi gurbi a gudun Landan na 27 ga Afrilu 2025 ta hanyar wata ƙungiyar da ke tallafa wa binciken kansar jini, da sharaɗin zan tara musu fam dubu biyu da wani abu. Ta ƙuri'a kam da wuya, mutum sama da 840,000 suka nema a shekarar.

Lokacin da na shiga shagon a Disamba iyakacina kilomita goma, shi ma da parkrun na fara, wato gudun jama'a da ake yi kyauta duk Asabar ƙarfe tara a Cannon Hill Park, kilomita biyar. Da wani kambas na je wanda nake zuwa kasuwa da shi, ƙwaurina na ciwo kullum. Dattijon bai fara da nuna min kaya ba, kujera ya bani ya tambayi nisan da nake yi a sati, ina ke min ciwo, awa nawa nake yi a tsaye a wurin aiki. Sannan ya ce in hau injin gudu ya ɗauki bidiyon ƙafafuna ta baya, kuma kafin in buɗe baki ya ce in na fi so 'yarsa ta yi min sai ya koma ciki, ita ta yi ɗin. Wannan kaɗai ya sa na saki jiki da su wallahi.

Takalmi biyar ta fito min da su, kowanne sai na yi gudu da shi a injin, biyu ma ta ce in fita waje in gwada a kan titi. Ta ce in ƙara rabin lamba a kan wadda na saba sawa don ƙafa tana kumbura in an yi nisa, a bar wuri kamar faɗin babban yatsa a gaba. Wanda ya fi min daɗi shi ne ya fi arha a cikinsu, fam 120, kuma ba su yi ƙoƙarin karkatar da ni zuwa mai tsada ba. Na tambayi irin masu farantin kabon a ciki waɗanda zakarun Kenya da Habasha ke sawa, ta ce min ƙarara ba yanzu ba, kuɗinsu ya haura fam ɗari biyu, ba sa daɗewa, kuma mai gudu a hankali irina da zata yi awa biyar a hanya abin da ya fi mata shi ne wanda ƙafarta zata zauna lafiya. Ta kuma ce takalmin gudu tsakanin kilomita 500 zuwa 800 yake mutuwa ko da kuwa a ido yana nan sabo, don haka in riƙa rubuta nisan da na yi. Ciwon ƙwaurin nan cikin sati uku ya tafi, ko da yake rage saurin da suka sa ni yi ma ya taimaka, ba zan jingina wa takalmi shi kaɗai ba.

Safa ma ashe ilimi ce. Ta auduga tana riƙe gumi ta sa bororo, sai da na canza na huta.

Inda suka gaza a wajen kaya shi ne suturar mata irinmu. Babu hijabin wasanni ko ɗaya, babu doguwar riga mai rufe cinya, duk nasu gajeru ne masu kama jiki. A intanet na nemo nawa, kuma na faɗa musu gaskiya cewa a gari kamar Birmingham da Musulmi suka yi yawa haka wannan rashin lura ne. Sun karɓi maganar, zuwa Maris na ga sun kawo hijabi kala biyu, amma har yanzu da saura. Haka ɗakin gwada kaya, labule ne kawai a lungu wanda bai gama rufewa ba, ban taɓa iya amfani da shi ba. Sannan da na koma sayen takalmi na biyu a Fabrairu babu lambata a masu faɗi, sai da na jira sati uku, kuma ranar wani yaro na Asabar na tarar wanda ya dage sai na sayi mai tsadar nan da aka ce min in bari. Ban ji daɗin wannan ba sam, in za ku je ku je tsakiyar sati lokacin da mai shagon ko 'yarsa ke nan.

Rukunin Lahadi kuwa shi ne abin da ya fi komai daraja kuma kyauta ne. Ƙarfe takwas ake haɗuwa a ƙofar shago, a kasu gida uku gwargwadon sauri, kuma akwai mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya tsaya a ƙarshe kar a bar kowa a baya. Yawanci bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa a cikin gari, muke bi don babu motoci, wani lokaci mu zagaya tafkin Edgbaston. Janairu da Fabrairu a ƙasar nan kun san yadda suke, duhu, ruwan sama, sanyin da ke shiga har ƙashi, da ni kaɗai ce na tabbata da akwai ranakun da ba zan fita ba. Tsarin sati goma sha shida suka rubuta min na fam 40, gudu uku a sati da ɗaya dogo, ana ƙara nisa kaɗan kaɗan, duk sati na huɗu a rage don jiki ya huta, kuma sun daidaita shi da ranakun da nake aikin dare.

Sai ga azumi, nan ne fa na san na faɗa hannu na gari. Ramadan na 2025 ya cinye kusan watan Maris gaba ɗaya, kuma Maris shi ne watan da mai shirin gudun Afrilu ke yin mafi nisan atisayensa, kilomita 26, 28, 30. Na je na samu dattijon a tsorace na ce ina ganin janyewa zan yi don ba zan ajiye azumi saboda gudu ba. Bai ce min in sha ba, bai ma kusanci maganar ba, tambayata ya yi ƙarfe nawa ake shan ruwa ƙarfe nawa ake sahur, ya ɗauko biro muka sake tsarin tare. Gajerun gudu ya mayar da su saura minti arba'in a sha ruwa, a hankali, in gama daidai Magariba dabino da ruwa na jirana. Dogon kuma ya koma dare, in sha ruwa da abu marar nauyi, in yi sallah, sai in fita da gora da jel, wani abu mai sukari da ake sha a hanya don ƙarin ƙarfi, maigidana na bina a keke da fitila. Dare biyu 'yar mai shagon da wata mata daga rukunin suka zo suka yi rakiya har kusan sha ɗaya, ba wanda ya biya su. Goman ƙarshe ya ce in rage sosai in ji da ibadata, muka ɗaga mafi tsawon, kilomita 32, zuwa sati ɗaya bayan Sallah, ya rage sati uku cif kafin ranar, daga nan sai saukowa. Ban sha azumi ko ɗaya ba saboda atisaye, Alhamdulillah.

A wajen tara kuɗi ma sun taimaka, sun bari na ajiye gwangwani a kan kanta da takarda mai bayani, kuma wata Lahadi bayan gudu na kawo cincin da meat pie da zoɓo aka saya, a ranar kaɗai na samu sama da fam ɗari uku. Su suka tuna min in riƙa roƙon masu biyan haraji a nan su danna Gift Aid, wanda gwamnati ke ƙara fam 25 a kan kowane fam 100, sai dai waɗanda suka turo daga gida Najeriya wannan bai shafe su ba. Yayata da kanta ta turo nata, na ce Yaya ki bari ke da aka yi wa rashi, ta ce a'a sadaka ce ga yaronta. Na yi kuka ranar.

Wani abu da nake so mutanenmu na nan su ji, don a kan kantar shagon ma na ajiye takardunsa. Wasu masu kansar jini ba abin da zai cece su sai dashen ɓargo, kuma dacewar ɓargo gado ce, ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ma damar ya dace ɗaya ce cikin huɗu, in ba a samu a gida ba sai a duba rajista, kuma wanda zai dace da Bahaushe galibi mai asali irin nasa ne. Mu kuma mun yi ƙaranci a rajistar. Daniel De-Gale shi ne baƙar fata na farko a Birtaniya da aka yi wa dashe daga wanda ba danginsa ba, a 1999, bayan iyayensa sun kafa ƙungiyar ACLT mai nemo masu bada ɓargo a 1996 suna bi gari gari suna roƙon baƙaƙe su yi rajista. A ƙungiyoyin da ke yin rajistar, Anthony Nolan na karɓar 'yan shekara 16 zuwa 30, DKMS kuma har zuwa shekara 55, auduga ce kawai za a goga a cikin kumatu a mayar ta gidan waya. Kuma kusan tara cikin goma na masu bayarwa ta jijiyar hannu ake ɗiba kamar bada jini, ba fasa ƙashi ake yi ba kamar yadda ake tsorata mutane. Mutum shida daga rukuninmu sun yi rajista, daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa kuma huɗu, ina fata su ƙaru.

Ranar gudun an yi zafi fiye da yadda aka saba a Afrilu, ga ni cikin hijabi da dogon wando. Daga Blackheath muka tashi, na wuce Cutty Sark lafiya, na hau Tower Bridge wajen rabin hanya ihun mutane kamar zai ɗaga ka sama. Wajen kilomita 32 bayan Canary Wharf ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura min turmi, dama dattijon ya gaya min haka zata faru in sukarin da jiki ya ajiye ya ƙare, ya ce kar in jira sai na ji yunwa, in sha jel duk minti arba'in tun daga farko kuma kar in gwada sabon abu ranar. Na bi maganarsa, na yi tafiya na minti biyu, na yi ta salati, na ci gaba. Na shiga The Mall gaban fadar Buckingham bayan awa biyar da minti ashirin da wani abu, kilomita 42.195, babu bororo ko ɗaya, farce ɗaya ne kawai ya yi baƙi. Kuɗin da na tara ya kusa fam dubu uku da ɗari biyar.

In tauraro biyar ne zan basu huɗu, ɗayan na riƙe shi saboda suturar mata da labulen nan da kuma yaron Asabar. Kayansu sun ɗan fi na intanet tsada, wani lokaci da fam goma ko sha biyar, amma takalmin farko dai ina ba kowa shawara ya je inda za a duba ƙafarsa. Sati biyu bayan gudun na kai musu lambar da aka rataya min su gani, dattijon ya karɓa ya juya ta ya tambaye ni sunan yaron, na faɗa mai, ya sa na maimaita har sau uku sai da ya iya faɗa daidai, sannan ya rubuta a allon da suke rubuta sunayen waɗanda 'yan rukunin suka yi gudu dominsu. Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya.