Gidan abincin zamani ko wajen mai tuwo: ina za ka kai Hajiya a Kano?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce wata uku ke nan da aka dawo da kai aiki Kano, Hajiya mahaifiyarka za ta zo daga Daura ta yi maka mako guda, kuma kana so wata rana ka fita da ita da maiɗakinka da yara uku ku ci abinci a waje. Shin gidajen abincin zamani na Nasarawa da Zoo Road ne suka fi, ko wajen masu tuwo? Na ga 'yan'uwa sun yi ta jero maka sunayen wurare. Ni kuwa na shekara da shekaru ina cin abincin rana a waje saboda nisan wajen aiki da gida, kuma na kai baƙi duka biyun, na ji daɗi a wasu ranaku, na ji kunya a wasu. Bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Mu fara da abin da ke cikin kwano, tunda shi aka je nema. Mai tuwo abu biyar ko shida take dafawa, kuma su take dafawa kullum: tuwon shinkafa, tuwon masara, miyar kuka, miyar kuɓewa, wani lokaci taushe, sai shinkafa da wake. Hannun da ya shekara goma yana kaɗa miyar kuka ɗaya ba ya kuskuren daddawa. Kuma tukunyarta ba ta kwana. Abin da aka ɗora da hantsi, kafin la'asar an kankare shi, gobe sabo za a ɗora. Gidan zamani kuwa za a miƙo maka takardar jerin abinci mai shafi huɗu ko biyar, daga shinkafar 'yan Sin har zuwa taliyar Italiya, kai ka san ba mai dafa abu hamsin sabo a yini ɗaya. Akwai abin da ke zaune a firiza yana jiran wanda zai nuna shi da yatsa. Dabarar ita ce ka san abin da gidan ya iya. A Kano, abin da gidajen nan suka ƙware a kai shi ne gasasshiyar kaza, shawarma, gasasshen kifi, da shinkafar Larabawa irin su mandi da kabsa. Ba abin mamaki ba ne: 'yan Labanan sun daɗe a garin nan har akwai titin da ake kira Beirut Road, ga kuma mutanenmu da suka zauna a Saudiyya suka dawo da hannun girkin can. In ka tsaya a kan waɗannan, da wuya ka yi da-na-sani.

Inda ake samun matsala shi ne ka shiga gidan zamani ka ce a kawo tuwo don Hajiya. Na taɓa yi. Aka kawo malmala ɗaya a naɗe cikin leda, gefenta ya fara tauri alamar an ɗumama, miyar kukar kuma ta tsinke kamar an yi mata wanka, babu man shanu, babu yajin da za a barbaɗa. Gwaggona ce na kai ranar. Ta gutsura sau biyu, ta ɗago ta dube ni, ba ta ce komai ba. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi. Matar da ta yi shekara hamsin tana tuƙa tuwo ba za ka burge ta da tuwon otal ba. In za ka kai tsohuwa irin wannan wuri, ka sa a kawo mata abin da ba ta dafawa a gida, ko da farfesun kifi ne da farar shinkafa.

Sai lokaci, wanda mutane ba su cika lissafa shi ba. Kasuwar mai tuwo daga sha biyun rana ne zuwa wajen uku. Wanda ya je kafin azahar shi ke samun tsoka da kayan ciki masu kyau. Wanda ya je bayan an sauko daga salla sai ya haɗu da turmutsutsun 'yan kasuwa da leburori, in ya ƙara jinkiri kuma ganda da ƙashi ne rabonsa. Amma fa ba jira: kana zama, kafin ka gama wanke hannu kwano ya iso yana tururi. Gidan zamani shi da yamma yake rayuwa, daga bayan magariba har goma ko sha ɗaya na dare, kuma jira wajibi ne. Ka yi oda, ka zauna rabin awa ko fiye, yara uku sun shanye lemon da aka fara kawowa, ƙaramin ya fara zagaya tebura. In ranar Asabar ce ko cikin hidimar Salla, ninka wannan. Na taɓa zuwa wani gida a rana ta biyu ta ƙaramar Salla, muka yi tsaye a bakin ƙofa muna jiran wasu su tashi, har mai gadi ya tausaya ya ba matata kujerarsa.

Kuɗi kuwa, ba zan rubuta maka farashi ba, don abin da na biya watan jiya ba lallai shi za ka tarar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wasu gidajen sun gaji da sake buga takardar abinci, sai dai su manna sabon farashi a kan tsohon. Amma yadda lissafin ke tafiya bai canza ba. A wajen mai tuwo kai ke gina kwanonka: malmala nawa, nama nawa, ka faɗa a zuba, abin da aka ce shi ne, in kuma ta saba da fuskarka har gyara za ka samu. A gidan zamani farashin da ka gani a rubuce sau da yawa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wasu gidajen kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai. A ce abincinku ya kama naira 40,000; haraji kaɗai 3,000 ne, in aka ƙara kuɗin hidima na kashi 10, ga wata 4,000. Ruwan gora da lemo kuma nan ne ake yanka mutum a hankali, don farashinsu ya kan ninka na shagon unguwa. Kafin ka yi oda ka tambayi yaron gidan, "Wannan farashin da haraji a ciki ko babu?" Ba abin kunya ba ne. Kuma kada ka bari Hajiya ta ga rasit. Gwaggona da ta ji abin da na biya sai da ta yi salati, ta lissafa mini kwanon shinkafa nawa kuɗin zai saya a kasuwar Dawanau, kuma har muka isa gida ba ta bar zancen ba.

Gaskiyar magana, rabin kuɗin da kake biya a gidan zamani ba na abinci ba ne. Na dizal ɗin janareta ne, da sanyin esi, da kujera mai taushi, da wajen ajiye mota, da mai gadi. Ban ce asara ba ce. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa kwalta ta yi laushi, awa guda cikin sanyi abu ne da ake saya da kuɗi ba tare da nadama ba. Sai dai ka sani shi ka saya. Batun biya kuma yanzu kusan ɗaya ne: tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 har masu tuwo da yawa sun rataye lambar asusu a jikin bango. Duk da haka ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don ranar da sabis ya ƙi, tsayuwa gaban kanta kana jiran alat ya shiga, iyali na kallonka, ba daɗi.

To, ga inda maganarka take da nauyi, kuma ban ga wanda ya taɓo ta ba a amsoshin da aka ba ka. Wajen mai tuwo wurin maza ne. Benci ne dogo, kafaɗa da kafaɗa da ɗan adaidaita sahu da mai shago daga Kwari, kowa ya sunkuya kan kwanonsa, ana ci ana tashi don wani na tsaye a kanka. Mata su kan aiko yaro da kwano ko su saya su tafi, ba su cika zama ba. Ba za ka zaunar da mahaifiyarka da matarka a nan ba, ko da tuwon ya fi na ko'ina daɗi. Gidan zamani a nan ya yi nasara: tebur naku ne ku kaɗai, wasu gidajen suna da ɓangaren iyali ko lungu mai labule, akwai banɗaki, da yawa kuma suna da ɗan wajen salla. Amma shi ma bai warware komai ba. Iyayenmu ba su saba cin abinci a bainar jama'a ba, balle a tebur ɗaya da ɗansu da surukarsu, ga baƙin maza suna wucewa. Ita ma maiɗakinka, ka tambaye ta tsakani da Allah ko za ta iya sakin jiki ta ci kaza da hannu a gaban Hajiya. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne, su biyun kowa ta ɗan taɓa, ta ajiye cokali, ta ce ta ƙoshi, a ƙarshe a juye abincin a roba a tafi da shi gida, a ci shi da sanyi. Kai ka san Hajiyarka. Akwai tsofaffin da suka je Makka sau uku, suka ci a gidajen abincin Jidda, ba abin da zai dame su. In irin su ce, bismilla. In kuwa irin gwaggona ce, wadda ta juya kujerarta ta fuskanci bango, to ka sake tunani.

Tsafta ba ta bin esi, wannan na tabbatar. A wajen mai tuwo komai a gabanka yake: ka ga tukunya, ka ga ruwan wanke kwanuka, in bai yi maka ba ka juya. Abin da nake gudu a can shi ne kwanon wanke hannu na tarayya. Ka nemi buta a zuba maka. A gidan zamani kicin yana bayan ƙofa, sai dai ka auna shi da banɗakin gidan, don wanda bai kula da inda baƙo ke gani ba, ba zai kula da inda ba ya gani ba. Kuma a duk inda kake, ka yi hattara da haɗin kabeji mai bama a lokacin zafi. Wuta tana ɗaukewa, firij yana hucewa, abin da aka haɗa tun safe shi za a zuba wa yaranka da daddare. Abinci mai zafi da aka sauke yanzu ya fi aminci, ko a benci ne.

Sabon Gari ban sa shi a lissafi ba. Can ne za ka samu sakwara da miyar agushi da farfesun kifi na gaske, amma wasu wuraren ana sayar da giya, don haka ka bar shi sai ranar da ka san takamaiman gidan da za ka shiga.

Da ni ne kai, raba abin zan yi gida biyu. Ranar Hajiya, in ɗauki kuloli biyu da wuri, kafin sha biyu, in je wajen mai tuwon da abokan aiki suka yaba, a zuba tuwon shinkafa da miyar taushe, a sa nama na kirki, in biya a saya waina ko sinasir, in kawo gida a shimfiɗa tabarma. Ta ci a ɗakinta, ta miƙe ƙafa, ta yi santi, ta kushe miyar in ta ga dama. Da yamma in fita da ita a mota ta ga gari, mu bi ta Ƙofar Nasarawa mu wuce gaban gidan Sarki, a dawowa a tsaya wajen mai balangu, a haɗa da gurasa, wadda in ba a Kano ba da wuya ta ci irinta. Gidan zamani kuma in bar shi wa maiɗaki da yara, wani daren tsakiyar mako da babu cunkoso, bayan Hajiya ta ce ita kam ta gaji ku je ku dawo. Yara dama ba tuwo ne ya fito da su ba. Kaza da dankali da askirim suke so, da hoton da za a ɗauka.

In kuwa ka dage sai kowa ya fita tare, to akwai gidaje na tsaka-tsaki da suka yawaita yanzu, masu dafa abincin gargajiya amma a ɗaki mai tebur da fanka, har da dambu da alkubus da funkaso. Ka je kai kaɗai tukuna ka ci sau ɗaya, ka duba ko akwai lungun da za ku zauna, ka tambayi lokacin da suke sauke tuwo, sannan ka kai su daidai wannan lokacin. Ka roƙi a ba Hajiya kujerar da ke ba wa ƙofa baya.

Kilishin tsaraba kuma, ranar da za ta koma Daura, ka shiga unguwar Agadasawa da kanka, ka ɗanɗana kafin a naɗe. Garau-garau na 'Yankura wannan naka ne kai kaɗai, ranar da albashi ya yi nisa.