Kyamarar mota mai ido biyu: ra'ayina bayan abin da ya samu ƙawata a Texas

Duk macen da ta rabu da miji baram-baram a ƙasar nan ta Amurka, don Allah ki sa kyamara a motarki, kuma ki sayi mai ɗaukar gaba da baya. Mai gaba kaɗai asarar kuɗi ce a irin wannan lamari, tunda mai bin ki ai a bayanki yake.

Irin wadda ake mannawa a gilashin gaba ce, bayan madubi, sai 'yar ƙarama a gilashin baya da doguwar waya da ake cusawa ta gefen rufi, kuɗinta da memori duka bai kai dala 200 ba. Ni na matsa wa ƙawata ta saka, don tsohon mijinta ya ƙi yarda aure ya ƙare, kullum sai ta hango motarsa a bakin wurin aikinta alhali kotu ta ba ta takardar kariya ta ce kar ya kusance ta.

Wani dare ta taso aiki ya biyo ta, ta ƙara wuta ya ƙara, ta sauka daga babban titi ya sauka, da suka iso danja ya zuge gilashi ya buɗe mata wuta. Harsashi ya huda ƙofar baya daidai kujerar da yarinyarta ke zama, Allah Ya sa ranar yarinyar tana wajena. Na kalli bidiyon, wallahi har yanzu jikina rawa yake in na tuna, kana jin ƙarar bindigar kana jin muryarta tana salati tana gaya wa 911, layin kiran gaggawa, sunan titi, ga lokaci da gudun motar duk a rubuce a ƙasan hoton saboda tana da GPS. Shi ya ce wai yana gida yana barci. Bidiyon baya ne ya nuna motarsa tun daga fakin ɗin wurin aikin, babu sauran gardama.

Kuma mutanenmu da yawa ba su san yadda bindiga take a nan ba. Tun Satumban 2021 a Texas mai shekara 21 zai iya yawo da ƙaramar bindiga ba sai da lasisi ba. Amma wanda kotu ta sa wa irin wannan takardar kariyar dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a Yunin 2024 a shari'ar Rahimi, alƙalai 8 suka yarda 1 ya ƙi, shi ma Rahimin daga Texas ɗin yake. To doka tana nan, amma fa sai da hujja a hannu, shi ya sa nake ta nacin kyamarar nan.

Aibunta kuwa akwai. Da daddare in fitilar motar baya ta haske ta lambar motar ba ta fitowa sosai, sai da suka shiga ƙarƙashin fitilun wani gidan mai aka iya karantawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in memori ya cika sabon bidiyo yana hawa kan tsoho ya goge shi, kyamarar tana kulle bidiyo da kanta ne kawai in ta ji an bugi motar, in ba haka ba sai kin danna maɓalli, to wa ke tuna maɓalli ana harbinsa? Da kin tsira ki zare memorin, ki kwafa a wani wuri kafin ki miƙa wa 'yan sanda. Ki sayi memori mai ƙwari 128GB, na arha zafin Texas yana kashe shi. Ɗauka lokacin da mota ke ajiye kuma sai an haɗa ta da waya ta daban zuwa fiyus, wannan kuɗin makanike ne daban.

Ba ta tare harsashi, kar a yaudari kai. In kin ga ana bin ki kar ki nufi gida, kira 911 ki nufi ofishin 'yan sanda ko inda jama'a suke. Akwai kuma layin taimakon masu fuskantar cin zarafi a gida, 1-800-799-7233, dare da rana, suna da tafinta.

Na ba ta tauraro 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda gogewar nan da rashin fitowar lambar mota da dare.